Na Rubuta Mata Babi, Ta Rubuta Mini Rapor

Assalamu alaikum Hajiya Aishatu,

Don Allah ki taimake ni da shawara tun kafin in aikata abin da zan zo ina cizon yatsa a kansa. Wata biyar ke nan ina yawo da magana a ciki, ba ta barina in ci abinci da daɗi, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa a garin nan ba tare da ta zagaya ta dawo mini da ƙari ba. Ki yi haƙuri da tsawon takardar, ban iya taƙaitawa ba idan raina ya ɓaci.

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, shekarata arba'in da shida, ashirin da huɗu daga ciki a gaban allo na yi su. A Gaya aka haife ni, amma yawancin aikina a Tanda na yi shi, ina koyar da 'yan ajin farko. Damuwata a kan wata ce da zan kira Khaulat, ko da yake ba sunanta ba ne. Ban ma san da wace kalma zan gabatar miki da ita ba. Da can sai in ce aminiyata. Yanzu a takardun aiki ita ce shugabata, inspektris mai kula da makarantun yankinmu.

Unguwa ɗaya muka tashi, bayan tasha. Babana direban babbar mota ne mai zuwa Kwatano, ita kuma mahaifiyarta Bazabarma ce mai sayar da kopto a bakin tasha, wato kwaɗon ganye. Khaulat ce ke ɗaukar tiren bayan an tashi lakwal, ni kuma ina bin ta ina taya ta kiran masu saye. Daga nan na laƙaba mata 'Yar Kopto, ita kuma ba ta kirana da komai sai "ay cora", da Zabarmanci ƙawata ke nan. Benci ɗaya muka zauna tun daga ajin farko har muka ci birebe, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Tare muka tafi makarantar horon malamai a Dosso, tabarma ɗaya, kwano ɗaya, har takalmin fita ɗaya gare mu, wadda ta riga tashi ita ke sawa. Da aka raba mu aiki, ni Tanda ita Zabori, sai da muka yi kuka a tasha har mutane suka zaci rasuwa aka yi mana.

Aurenta na fari bai yi ƙarko ba. Ta fito da ɗiya ɗaya, Nasiba, tana da shekara biyu. A shekarar ne ta ci kwankur, wato jarrabawar gasa, na ƙarin karatu a Yamai, ta zo gidana da yarinyar a baya tana cewa za ta haƙura da tafiyar, don ba ta da inda za ta bar ta. Ni na kwance goyon da hannuna. Shekara shida Nasiba ta yi a ɗakina, ni na yi jinyar ƙyandarta, ni na kai ta lakwal ranar farko. Har yau Inna take ce mini, uwar tata kuma Mama. Maigidana, Malam Hamani, bai taɓa bambanta ta da 'ya'yanmu ba.

Zan faɗa miki wata gaskiya da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Duk lokacin da aka tambaye ni me ya hana ni yin kwankur kamar Khaulat, nakan ce maigida ne bai yarda ba. Ƙarya nake yi masa. Ban taɓa tambayarsa ba. Tsoron faɗuwa nake ji. A aji ni ce ke gaba da ita tun muna yara, kuma na kasa jure tunanin a kafe sunaye a ga nata babu nawa. Sai na zauna, shekara na bin shekara, ita ta yi lisansi, abin da 'yan Kamba ke kira digiri, ta zama mai ba malamai shawara a wata jiha, ta sake aure, ni ina nan da allina.

Amma ban zauna a banza ba. Yaran Tanda da Dandanci suke zuwa lakwal, wasu da Hausa, wasu da Fulatanci, sai a tare su da Faransanci tun ranar farko, su yi shekara biyu ba su gane ko harafi ba. Na fara gwada wata hanya tawa. Ina fara musu da harshen gida, da waƙoƙin da na tsara, da marafan kwalba da na rubuta haruffa a kai, sannan in ja su a hankali zuwa Faransanci. Kafin bakans, wato babban hutu, yawancinsu suna haɗa kalma. Duk abin da na gwada ina rubuta shi a kaye, wato littafin rubutu, wanda ya yi da wanda bai yi ba, da sunan kowane yaro da ranar da bakinsa ya buɗe. Cikin shekara tara na cika kaye bakwai.

Da Khaulat ta shiga karatun mastar, sai ta zo bakans ta ce tana son ta rubuta memwar ɗinta, wato littafin binciken da ake karewa a gaban malamai, a kan wannan hanya tawa. Wallahi murna na yi. Na ɗauko kaye bakwai ɗin na zube mata a tabarma. Da lokaci ya ƙure mata, ga aiki ga ciki, ni na zauna Asabar da Lahadi har mako shida na rubuta mata babi na uku da hannuna, shafi talatin da ɗaya, ita ta buga a na'ura. Ba ta tilasta ni ba, ni na ce ta kawo. Ranar da ta kare littafin ban samu zuwa Yamai ba, amma na yi sadakar masa a ƙofar gida.

Bayan wata biyu ta zo Gaya ta kawo mini kwafi ɗaya mai bango shuɗi, da turmin zane. Da ta tafi na buɗe shafin godiya. Ta gode wa Farfesa wane, da Dokta wane, kowa da cikakken sunansa da laƙabinsa. Ta gode wa mijinta. Ta gode wa 'yan promo ɗinta, wato waɗanda suka yi aji ɗaya a jami'a, ta jera sunayensu har tara, ta kira su abokan gwagwarmaya. A layin ƙarshe sai na ga an rubuta: "da wata malama ta karkara da ta ba mu damar shiga ajinta." Hajiya, na karanta layin nan ya fi sau ashirin. Na duba gaba, na duba baya, ko sunana ya ɓuya a wani wuri. Babu. Wata malama. Ta karkara. Ni da na kwance mata goyo.

Ban ce mata komai ba. Shekara biyar ke nan. Na sa littafin a ƙasan akwati, na ci gaba da gaishe ta da sallah, tana kira ina ɗauka, amma hirar ta zama ta gaisuwa da tambayar yara. Ina jin ita ma ta lura, ba ta tambaya ba.

Shekara biyu da suka wuce aka naɗa ta inspektris aka turo ta nan. Mutane suka yi ta yi mini barka, wai kakata ta yanke saƙa. Na je buronta, wato ofishinta, sau ɗaya in yi mata murna, sakatare ya sa na cika 'yar takarda, suna da dalilin ziyara, na zauna a benci awa ɗaya da rabi. Da na shiga ta taso ta rungume ni, ba zan yi mata ƙarya ba, amma idonta na kan agogo, wayarta na ta ƙara. Ban sake komawa ba. A cikin malamai kuwa, na yarda, ni na fara kiran ta Madam Mastar, ana dariya, sunan ya bi gari.

A watan Nuwamba ta zo duba lakwal ɗinmu tare da masu ba da shawara guda biyu. Direktanmu zai yi ritaya a ƙarshen shekara, kuma kowa ya san ni ce mafi daɗewa, ni ake sa ran za a ba kujerar. Da motarsu ta tsaya, malamai suka jeru ana gaisawa, kowa na Madam Inspektris, Madam Inspektris. Da ta iso kaina sai na ɗaga murya na ce, "'Yar Kopto, yau an tuna da mu?" Ban san abin da ya hau kaina ba. Ko kuma na sani. Ta dube ni, ta ce cikin Faransanci, a hankali, "Madam, a nan wurin aiki muke." Ta wuce.

Ajina ta fara shiga. Ban shirya takardar darasi ba ranar, na daɗe da daina shiryawa kullum, darasin yana kaina. Na koyar yadda na saba, yara suka amsa, suka karanta, har ɗaya daga cikin masu rakiyarta yana gyaɗa kai. Ita ko kallona ba ta yi, rubutu kawai take. Bayan mako biyu rapor, wato rahoton duba aikin, ya fito. Ta rubuta cewa ina da ƙwarewa da riƙon aji, amma ba na shirya darasi a rubuce, kuma ina amfani da harsunan gida fiye da yadda tsarin lakwal ɗinmu ya yarda. Hajiya, ki ji fa. Hanyar da ta ci mastar da ita, wadda Farfesoshi suka tafa mata a kai, ita ce ta zama laifina a takardar gwamnati, da sa hannunta da hatiminta. A littafinta sunan abin bincike, a ajina sunansa saɓa tsari.

A watan Janairu aka ba wani kujerar direkta. Yana da lisansi. Shekara takwas da suka wuce a ajina ya yi koyon aiki, ni na nuna masa yadda ake tsayuwa a gefen allo don kada a tare wa yara. Yanzu shi nake kai wa takardar neman izini idan zan je likita.

Tun daga ranar na daina ɗaukar wayarta. Ta kira sau uku. Ta turo saƙon murya a WhatsApp, minti huɗu da 'yan daƙiƙu, yana nan har yau ban buɗe ba. Ina tsoron in ji tana ba ni haƙuri da muryar buro, ina kuma tsoron in ji ba haƙurin take bayarwa ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Akwai wakilin sandika, wato ƙungiyar ƙwadagon malamai, a yankinmu, Mushe Tanko, kamar yadda muke kiran malamai maza, wanda ke da tasa rigimar da ita kan canjin wuraren aiki. Ban san yadda ya ji labarin babi na uku ba, wataƙila bakina ne ya suɓuce a wani wuri. Ya zo har gida sau biyu. Yana so in ba shi kaye bakwai ɗin, da shafuka talatin da ɗaya na rubutun hannuna da ta maido mini, ya ɗauki hotonsu ya watsa a zaurukan malamai na WhatsApp, ya kuma aika wa jami'ar da ta ba ta diplom. Ya ce haƙƙina zai ƙwato mini. Na fito da su daga akwati, suna nan cikin leda a kan tebur, kullum ina wucewa ina kallon su. Malam Hamani ya ce babu ruwansa, amma in tuna akwai gobe.

Sannan ga auren Nasiba nan da mako uku. Katin gayyata ya zo mini ta hannun sabon direkta, cikin tarin na sauran malamai, an rubuta sunana da bik, wato biro, a kan layin da aka bari. Yarinyar da kanta ta zo ranar Juma'a ta zauna a bakin gadona tana kuka, wai idan ba ni na yi mata faɗan tafiya gidan miji ba, ba ta san wa zai yi ba. Na ce mata zan duba.

Hajiya, me muke da Khaulat yanzu? Ƙawaye ne mu, ko abokan aiki, ko kuwa shugaba da ta ƙasa da ita kawai? Takarda tana canja jinin mutum ne? In ba Tanko ledar nan ko in mayar akwati? In je bikin a matsayin wa, uwa ko ɗaya daga cikin ma'aikata? Wani lokaci ina jin ko da za ta rasa kujerar ba zan ji komai ba, sai kuma in tuna tiren kopto in rasa inda zan sa kaina.

Taki cikin damuwa,
Wata Malama ta Karkara, Gaya

*

Wa alaikumus salam Malama,

Na ga sunan da kika sa wa kanki a ƙarshen takarda, na kuma gane ciwon yana nan ɗanye. Zan fara da abin da kike da gaskiya a kai, don kada ki ce na bi bayan mai kujera.

An zalunce ki a shafin godiyar nan. Shekara tara na aikinki da babi guda na hannunki sun fi ƙarfin "wata malama". Wataƙila ta ji tsoron idan ta ambaci sunanki malamanta za su tono yawan abin da kika yi. Wataƙila a lokacin idonta ya rufe da sababbin mutane masu laƙabi, ta ga sunanki ba zai ƙara wa shafin nauyi ba. Ko wanne ne, ba uzuri ba ne, kuma ke ba ki yi laifi ba da abin ya yi miki zafi. Haka layin da ta rubuta kan harsunan gida. Ko da tsarin lakwal ɗinku bai yarda da shi ba, wadda ta san amfanin hanyar fiye da kowa tana iya ƙara layi ɗaya ta ce yaran suna karatu. Ba ta ƙara ba. Wannan ma nata ne.

Yanzu naki. Kin riƙe magana shekara biyar kina jiran ta gane da kanta, alhali kina ɗaukar wayarta kina tambayar yara. Wanda ba a faɗa wa laifinsa ba, yakan ɗauka an yafe ko ba a gani ba. Kin raɗa mata suna a cikin waɗanda take shugabanta, kuma kada ki yi zaton bai kai kunnenta ba, a Gaya ko tari ka yi sai an ji a Malanbil. Sannan ranar da ta zo aiki, gaban mataimakanta, kika kira ta da sunan tallan uwarta. Sunan nan a ɗakinki zuma ne. A filin lakwal kin san abin da kika yi da shi, ke ma kin faɗa. Mace da ta taso daga bakin tasha ta kai inda ta kai, kullum akwai masu jiran su tuna mata tire, ba ta zaci daga bakinki zai fito ba. Bayan wannan, da mutum biyu a bayanta da suka san ku tare kuka tashi, wane irin rapor kike so ta rubuta wa malamar da ba ta da takardar darasi? Da ta rufa miki, washegari Mushe Tankon nan ne zai fara cewa ana son kai. Ban ce ta yi daidai duka ba. Na ce kin ƙuntata mata hanyar yi miki alheri. Kujerar direkta kuma ba ki da tabbacin rapor ne kaɗai ya hana ki. Wanda aka ba yana da takardar da ke kika ƙi nema, kuma kin faɗi dalilin da bakinki. Ki daina jingina wa Malam Hamani wannan, ki ma nemi gafararsa.

Kin tambaye ni me kuke da ita. Hausa ba ta yi mana rowar kalmomi ba a nan. Akwai tsara, wadda shekaru suka haɗa ku, ba ku zaɓa ba. Akwai abokiyar aiki, wadda takardar gwamnati ta haɗa ku, ranar da aka canja wa ɗaya wuri shi ke nan. 'Yan promo da ta jera su ma haka suke, abokan tafiya ne, mota na isa tasha kowa ya kama gabansa, ina tabbatar miki rabinsu ba ta da lambarsu yau. Ƙawa ta fi su, da ita ake biki da hira da anko. Aminiya kuwa daga amana kalmar ta fito, ita ce wadda ka ba ajiyar abin da zai iya kashe ka. Khaulat ta ba ki ɗiyarta, ta ba ki sirrin babinta. Ke kika ba ta aikin rayuwarki. Ta yi sakaci da taki amanar. Tata tana kan teburinki cikin leda.

Don haka amsata a kan Tanko gajera ce. Kada ki ba shi. Ba haƙƙinki ya dame shi ba, sanda yake nema, ya ga kina da ita. Ranar da hotunan suka fita ba za ki iya kiran su su dawo ba. Za a ce ta ci diplom da hannun wata, za a kuma ce ke kika rubuta kina sane, sunanki zai shiga bakin duniya ta ƙofar da ba ki so. Nasiba za ta shiga gidan miji da wannan a kanta. Kuma ko an tsige uwar, ba ke za a ba mastar ɗin ba. Idan kina ganin rapor bai yi miki adalci ba, akwai hanyar ƙorafi a rubuce ta wurin aiki, ki bi ta da sunanki, kan abin da ya faru a aji kawai. Ki gaya wa Tanko kin gode, maganar ta mutu, ki mayar da ledar inda ba ya gani.

Ki saurari saƙon muryar nan yau, da rana, kina zaune. Minti huɗu ba su fi wata biyar da kika yi kina saƙa abin da ke ciki ba. Bayan nan ki je gidanta kafin biki, ba buro ba, ranar da ba aiki. Ki ɗauki littafin mai bango shuɗi. Ki fara da naki, ki ce kin yi kuskure a filin lakwal da sunan da kika raɗa mata. Sannan ki buɗe shafin ki sa yatsa a kan layin, ki gaya mata shekara biyar yana cin ki. Kada ki haɗa da goyon Nasiba, wannan don Allah kika yi, idan kika sa shi a sikeli kin zubar da ladan. Ki nemi abu ɗaya da za ta iya yi: duk inda za a sake maganar hanyar nan, a taron malamai ko a rubuce, a kira ta da sunanki, kuma a ba ki fili ki koya wa sauran malamai da bakinki. Wannan yana hannunta.

A wurin aiki ki ba kujera haƙƙinta. Ki ce Madam Inspektris, ki shirya takardar darasinki kamar kowa, ba zai rage ki da komai ba. Muƙami riga ce ta aro, da takarda ake ba da shi, da takarda ake karɓewa. Diplom shaida ce cewa mutum ya zauna ya yi karatu, kuma abin girmamawa ne, kada ɗacin rai ya sa ki rena shi. Daraja kuwa ba a kafe ta a allon sanarwa, tana bakin iyayen Tanda da 'ya'yansu suka iya karatu a hannunki. Kina da wannan, amma na ga bai ishe ki ba, kuma ba laifi ba ne. To ki je ki bincika wace ƙofar ƙarin karatu ce har yanzu a buɗe take ga mai shekarunki, ki shiga. Idan kin faɗi, kin faɗi, ba a kanki aka fara ba. Kaye bakwai ɗin nan kuma ki fara mayar da su littafi da sunanki a bango, ko da shafi biyu ne a mako.

Biki kuwa babu shawara a ciki. Katin na ma'aikata ne, ki bar shi a tebur. Ke amarya ta zo ta kira da hawayenta. Ki je tun ranar lalle, ki zauna inda iyaye ke zama, ki yi mata faɗan da ta roƙa.

Ba zan yi miki alkawarin za ku koma kamar da ba. Mai yiwuwa ta yi kuka ta rungume ki, mai yiwuwa ta kare kanta ta ce kin cika riƙo. Idan na biyun ne, kin sauke naki, sai ku zauna a gaisuwar mutunci, ki bar zuciyarki ta yi makokin abin da ya wuce, don rabuwa da aminiya mutuwa ce da ba a zaman ta'aziyyarta. Amma ki je ki ji da kunnenki. Ni mai ba ki shawarar nan na taɓa yin fushi da wata da muka tashi tare, a kan maganar da yau ba zan iya maimaita ta daidai ba. Na ce sai ta fara zuwa. Shekara goma sha ɗaya ina jira, ranar wata Talata ina tsinke zogale na ji sanarwar rasuwarta a rediyo. Duk abin da na tanada zan faɗa mata yana nan a bakina, babu mai karɓa. Taki tana da rai, kabu-kabu ɗaya ne tsakaninku.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ba ki ƙarfin taka ƙofar gidan nan, ya sa Nasiba ta shiga ɗakinta a sa'a. Ki gaishe mini da Malam Hamani.

Hajiya Aishatu